TUNAWA DA ABOKIN MAKARANTA DA YA RASU DA ƘURUCIYA

Wurin karatu: 2 Sama'ila 1:11-27, 2 Sama'ila 9:1-13, Luka 13:1-5

Manufa: Iyali su gane cewa tunawa da abokin da ya riga su barin duniya amana ce a hannun waɗanda suka rage, kuma akwai hanyar riƙe wannan amana da ta gamshi Ubangiji.

GABATARWA

A gidaje da yawa akwai wani tsohon hoto, ko a bango ko a ƙasan akwati, na ɗaliban aji ɗaya a shekararsu ta ƙarshe a sakandare. Wasu suna tsugune a gaba, wasu suna tsaye a baya, malamai kuma suna zaune a tsakiya. Yara suna son wannan hoto ƙwarai, domin suna ganin mahaifinsu siriri cikin farar rigar da ta yi masa yawa, ko mahaifiyarsu da askakken kai. Sukan bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya da yatsa suna tambaya. Wannan yana aikin asibiti a Ibadan, waccan tana koyarwa a Kafanchan, wancan ya shiga soja. Sai yatsan yaro ya sauka a kan wata fuska, mahaifi ya yi shiru, can ya ce, "Wannan ya rasu tun da daɗewa," ya mayar da hoton wurinsa.

Wannan shirun shi ne abin nazari a wannan darasi. Da wuya a sami wanda ya yi sakandare a ƙasar nan da ba shi da irin wannan fuska a zuciyarsa. Waɗanda suke makaranta a shekarar 1996 suna tune da annobar sanƙarau da ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya, mafi yawa a arewa. Ranar Asabar, 10 ga Disamba 2005, jirgin saman kamfanin Sosoliso da ya taso daga Abuja ya faɗi a filin jirgin Fatakwal a cikin hadari da iska mai ƙarfi. Cikin mutum 110 da ke ciki, 108 suka rasu, 60 daga cikinsu ɗaliban makarantar Loyola Jesuit ne da ke Gidan Mangoro a Abuja, suna hanyar zuwa hutun Kirsimeti, iyaye da yawa kuwa suna filin suna jiran su. A watan Fabrairu 2014 'yan Boko Haram suka kashe ɗalibai maza 59 a makarantar gwamnatin tarayya ta Buni Yadi a Jihar Yobe. Waɗannan su ne waɗanda duniya ta ji labarinsu. Akwai wasu da yawa da ba a buga sunansu a jarida ba: wanda zazzaɓi ya ɗauke a lokacin hutu, wanda mota ta faɗi da shi a hanyar komawa makaranta, wadda ta rasu wajen haihuwar fari shekara biyu bayan gama karatu.

Kowane ɗayansu ya bar iyaye da 'yan'uwa, ya kuma bar 'yan ajinsa. Su ne ake yawan mantawa da su. Littafi Mai Tsarki ya nuna wani mutum da ya rasa abokin ƙuruciyarsa, wato Dawuda, ya kuma nuna abin da ya yi da wannan rashi har shekaru masu yawa bayan haka.

1. KUKAN ABOKI YANA DA WURI A GABAN ALLAH

Abutar Dawuda da Jonatan ta soma ne tun Dawuda yana saurayi, ranar da ya kashe Goliyat. Jonatan ɗan sarki ne, Dawuda kuwa makiyayi, duk da haka Jonatan ya tuɓe rigarsa ya ba shi, haɗe da takobinsa da bakansa da ɗamararsa (1 Sama'ila 18:1-4). Ganinsu na ƙarshe da aka rubuta shi ne a Horesh, cikin jejin Zif, lokacin da Dawuda yake gudun Saul. Jonatan ya same shi a maɓoyarsa ya ƙarfafa shi cikin Allah, suka sabunta alkawari, kowa ya kama hanyarsa (1 Sama'ila 23:16-18). Babu wanda ya san sallama ce ta ƙarshe. Haka yake a makaranta: ana rufe akwati a ƙarshen zango, a yi musafaha a bakin ƙofa da cewa sai an dawo, ashe ɗaya ba zai dawo ba.

Da labari ya iso cewa Saul da Jonatan sun faɗi a Dutsen Gilbowa, Dawuda ya kece tufafinsa, ya yi kuka, ya yi azumi har maraice tare da mutanensa. Jarumi ne, mutuwar nan kuma ita ce ta buɗe masa hanyar sarauta, amma bai ɓoye hawayensa ba. Ubangiji Yesu kansa ya yi hawaye a Betanya saboda abokinsa Li'azaru, ko da yake ya san zai tashe shi a wannan rana (Yahaya 11:33-36). Manzo Bulus bai hana masu bi na Tasalonika baƙin ciki ba. Abin da ya nema shi ne baƙin cikinsu ya bambanta da na marasa bege (1 Tasalonikawa 4:13-14).

A wurin zaman makoki, iyaye da dangi ne ake yi wa gaisuwa, haka kuma ya dace. Amma yaron da ya yi shekara biyar yana cin abinci kwano ɗaya da mamacin, sau da yawa shi ne ake aika ɗauko benci da ɗebo ruwa, babu mai tambayarsa yadda yake ji. In ya soma kuka sai a ce masa ai shi namiji ne. Bayan mako guda ya koma makarantar kwana, ya tarar da gadon da ke kusa da nasa babu katifa. Wani yaro ya daina cin abinci, wani ya kasa barci, wani karatunsa ya ja baya, a gida kuwa a ɗauka lalaci ne. Hausawa sun ce abokin kuka shi ake gaya wa mutuwa. Wajibi ne iyaye Kirista su zama abokan kukan 'ya'yansu. Su zauna da yaron, su kira sunan abokin nasa, su bar shi ya ba da labarinsa ko sau nawa ya so. In baƙin cikin ya daɗe har ya hana shi ci da barci da karatu, ko ya soma maganar son mutuwa, a kai shi wurin fasto da kuma likita ba tare da jinkiri ba.

2. "ME YA SA SHI YA TAFI, NI NA RAGE?"

Tambayar da ta fi damun wanda ya rage ita ce wannan. Tare suka shiga mota, ko tare suka sha ruwan rijiya ɗaya, ɗaya ya mutu ɗaya ya rayu. Daga nan zuciya takan kama ɗaya daga cikin hanyoyi biyu masu haɗari: ko mutum ya ɗora wa kansa laifi, ko ya nemi wanda zai ɗora wa.

An taɓa kawo wa Yesu irin wannan magana, game da Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Yesu ya ƙara da labarin mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗo a kansu. Ya faɗa a fili cewa waɗanda suka mutu ba su fi sauran mutanen Urushalima zunubi ba, sa'an nan ya juya maganar kan masu sauraro, cewa su tuba (Luka 13:1-5). Wannan nassi ya yi daidai da abin da ya faru a Jos ranar 12 ga Yuli 2024, lokacin da ginin makarantar Saints Academy a unguwar Busa Buji ya rushe da safe ɗalibai suna cikin azuzuwa, mutum 22 suka rasu bisa ga sanarwar 'yan sanda. Yaron da aka ciro da rai bai fi wanda aka ciro gawarsa adalci ba. Bai kuma yi wa abokinsa laifi ba da ya rayu.

Hanya ta biyu ta raba gidaje da yawa. In matashi ya rasu, sai a soma raɗa cewa ba banza ba, a nuna wata tsohuwa ko kishiyar uwa ko kawu da yatsa a ce maita ce. Har a cikin ikkilisiya ana samun masu cewa an nuna musu a wahayi. Doka ta tara ta hana shaidar zur a kan maƙwabci (Fitowa 20:16), zargin da ba shi da shaida kuwa shaidar zur ne ko da an yi shi da sunan addu'a. Yawancin irin wannan mutuwa tana da dalili da aka sani. A ɗauki misalin ciwon sikila, wanda Nijeriya ta fi kowace ƙasa a duniya yawan jariran da ake haifa da shi. In miji da mata dukansu suna da jinin AS, to, a kowane ciki akwai yiwuwar kashi ɗaya cikin huɗu a haifi yaro mai SS. Ɗalibin da yake yawan kwanciya a ɗakin shan magani da ciwon gaɓoɓi da rawayar ido, har ya rasu kafin jarrabawar WAEC, babu wanda ya kama kurwarsa. 'Yan ajinsa za su fi girmama shi in suka yi gwajin jini kafin aure, suka kuma koya wa 'ya'yansu haka.

Sa'ad da Bitrus ya ji irin mutuwar da ke jiransa, ya waiwaya ya ga Yahaya, ya tambayi Yesu makomarsa. Yesu ya nuna masa cewa tsawon ran Yahaya al'amari ne na Ubangiji, abin da ya rataya a wuyan Bitrus shi ne ya bi shi (Yahaya 21:18-22). Allah bai bayyana wa kowa dalilin da ya sa kwanakin wani suka gajarta ba. Ya dai bayyana abin da yake so wanda ya rage ya yi da nasa.

3. TUNAWA CIKIN GASKIYA

Dawuda bai tsaya ga kuka ba. Ya tsara waƙar makoki, ya umarta a koya wa mutanen Yahuza, aka kuma rubuta ta a Littafin Yashar. A cikinta ya ambaci abubuwan da ya sani da idonsa: bakan Jonatan, takobin Saul, saurinsu da ƙarfinsu a fagen yaƙi, da ƙaunar da Jonatan ya nuna masa. Bai ƙirƙiro abin da ba a yi ba. Bai kuma tono muguntar da Saul ya yi masa ba, ko da yake kowa ya san ta.

A nan ne amanar 'yan aji take. Iyaye sun san ɗansu a gida. Amma yaron da ya yi shekara shida a makarantar kwana, mafi yawan kwanakinsa na waɗannan shekaru a can ya yi su. Abokansa ne suka san cewa shi ne yake raba garin kwakinsa da wanda guzurinsa ya ƙare, shi ne yake buga ganga a taron FCS, shi ne ya tsaya wa ƙaramin yaro da manyan ɗalibai suke cin zalinsa, shi ne kuma ya sa ajin duka dariya ranar da ya yi barci a kan benci har malami ya shigo. Mahaifiyarsa ba ta san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Wannan ɓangare na rayuwar ɗanta yana hannun wasu, in ba su kai mata ba, za su mutu da shi. Takarda guda da aka rubuta irin waɗannan labarai, ko hoto ɗaya da ba ta taɓa gani ba, ya fi mata buhun shinkafa.

Akwai iyakoki uku da mai bi zai kiyaye. Na fari, tunawa da mamaci dabam take da neman magana da shi. Shari'a ta haramta tuntuɓar matattu (Maimaitawar Shari'a 18:10-12), Saul kuma ya gwada haka a Endor dab da yaƙin da ya mutu a ciki, bai sami ta'aziyya ba. Mafarkin aboki abu ne da ke faruwa ga mai kewa, ba abin tsoro ba ne, ba kuma umarni ba ne da za a bi. Na biyu, kada a mai da mamacin mala'ika. Yaro ne mai kirki da kuskure kamar kowa, haka kuma ya kamata a tuna da shi. Na uku, kada a yanke hukunci a kan makomarsa. Wani bai taɓa furta bangaskiya a gaban abokansa ba, wani kuma ɗan wani addini ne. Shari'a ta Allah ce, wanda Ibrahim ya shaida cewa mai yin adalci ne ga dukan duniya (Farawa 18:25). Iyayen irin wannan aboki su ma sun cancanci gaisuwa da ziyara, kamar yadda maƙwabtaka ta gari ta koyar.

4. TUNAWA DA TA ZAMA AIKI

Jonatan ya roƙi Dawuda tun suna tare cewa kada ya yanke alherinsa daga gidansa (1 Sama'ila 20:14-17). Ranar da labarin Gilbowa ya iso, Jonatan yana da ɗa mai shekara 5, Mefiboshet. Mai renonsa ta ɗauke shi za ta gudu, ya faɗi, ya gurgunce (2 Sama'ila 4:4). Shekaru suka shige. Dawuda ya yi sarauta shekara bakwai da wata shida a Hebron, ya ci Urushalima, ya yi yaƙe-yaƙe. Lokacin da ya tambaya ko akwai wanda ya ragu a gidan Saul da zai nuna wa alheri saboda Jonatan, Mefiboshet ya riga ya girma har yana da ɗan kansa mai suna Mika.

Babu wanda ya tuna wa Dawuda alkawarin, shi ne ya nema. Ziba, baran gidan Saul, ya faɗa masa cewa akwai gurgu a Lodebar, a gidan Makir ɗan Ammiyel. Dawuda ya aika aka kawo shi, ya kwantar masa da hankali, ya mayar masa da dukan gonakin kakansa, ya sa Ziba da 'ya'yansa 15 da barorinsa 20 su riƙa noma masa, ya kuma ba shi wuri a teburin sarki kamar ɗaya daga cikin 'ya'yansa. Darasi biyu ke nan: jinkiri bai kashe alkawari ba, kuma waƙar makoki ba ta cika ba sai da ta zama abinci a bakin marayan abokin.

Ana ganin irin wannan a zamanin nan. Ɗalibai 61 na Loyola Jesuit ne suka shiga jirgin da ya faɗi a 2005, ɗaya ce kawai ta rayu, Kechi Okwuchi, tana da shekara 16. Wuta ta ƙona kusan kashi 65 cikin ɗari na jikinta, an yi mata aiki fiye da sau 100, a Afirka ta Kudu da kuma Amurka. A shekarar 2015 ta gama Jami'ar St. Thomas da ke Houston, a jawabinta na bikin yaye ɗalibai kuma ta sadaukar da digirinta ga 'yan makarantarsu 60 da ba su sami wannan zarafi ba. A shekarar 2013 kuma aka buɗe makarantar Jesuit Memorial College a Fatakwal domin tunawa da su, har wasu yara suna samun ilimi a birnin da waɗancan suka rasu.

Ba kowane aji ne zai iya gina makaranta ba, amma kowane aji zai iya tambayar da Dawuda ya yi: wa ya rage a gidan? Wataƙila tsohuwa ce gwauruwa wadda wannan yaro ne ta sa wa rai, kamar matar nan ta Nayin da Yesu ya ji tausayinta (Luka 7:11-15). Wataƙila ƙane ne da ya bar makaranta saboda kuɗi, ko jaririn da mahaifiyarsa ta bari, wanda yanzu ya isa shiga sakandare. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai sukan tara kuɗi masu yawa don anko da abincin taron shekara, a yi shiru na minti ɗaya saboda waɗanda suka rasu, a wuce. Kaɗan daga cikin wannan kuɗi zai biya wa maraya zango guda. Manzo Yakubu ya bayyana cewa kula da marayu da gwauraye cikin wahalarsu yana cikin ainihin addini mai tsarki (Yakubu 1:27).

Wasu sukan ji tsoron zuwa, wai kada ganinsu ya tayar wa iyaye da tsohon miki. Gaskiya ne uwa za ta iya yin kuka in ta ga sa'an ɗanta da gemu da 'ya'ya. Amma ba ta taɓa mantawa ba balle a tuna mata. Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne zaton cewa ita kaɗai ce ta rage da ke kiran sunansa. Saƙon ta'aziyya a WhatsApp yana da amfaninsa, amma zumunta a ƙafa take.

5. ƘIDAYA KWANAKI CIKIN BEGE

Musa ya roƙi Allah ya koya wa jama'arsa ƙidaya kwanakinsu domin su sami zuciya mai hikima (Zabura 90:12). Mai Hadishi ya ce gidan makoki ya fi gidan biki amfani ga mai rai, ya kuma gargaɗi matashi ya tuna da Mahaliccinsa tun yana da ƙuruciya (Mai Hadishi 7:2, 12:1). Mutuwa rigar kowa ce, amma matashi yakan ɗauka ta tsofaffi ce, sai ranar da ya ga an rufe sa'ansa. Fuskar nan da ke cikin hoto ta tsaya a shekara goma sha bakwai, sauran kuwa sun yi furfura. Shekarun da ke tsakani kyauta ce da ba wanda ya saya, za a kuma ba da lissafinsu.

Begen mai bi bai dogara ga ƙarfin tunawar mutane ba, domin wata rana 'yan ajin duka za su shuɗe, hoton ma ya koɗe. Almasihu ya tashi daga matattu a matsayin nunan fari na waɗanda suka yi barci (1 Korintiyawa 15:20), kuma waɗanda suka mutu cikinsa za su tashi, a sadu da Ubangiji tare (1 Tasalonikawa 4:16-17). Saboda haka mahaifin da ɗansa ya nuna wa fuskar nan ba shi da dalilin mayar da hoton cikin shiru. Zai iya faɗin sunan abokinsa, ya ba da labarinsa, ya kuma gaya wa yaron inda begensa yake.

AIKI DOMIN IYALI

Kafin fitowa ta gaba, a keɓe maraice ɗaya a lokacin sujadar iyali a fito da hotunan makaranta. Uba da uwa su ba da labarin abokin da suka rasa, a kuma ba yara dama su faɗi nasu. Bayan haka a bincika ko wani ya rage a gidan mamacin, a sa ranar ziyara, a tafi da hoto ko rubutaccen labari.

TAMBAYOYI DOMIN TATTAUNAWA

1. Me Dawuda ya ambata a waƙar makokinsa, me kuma ya bari? Me wannan yake koya wa mai yin jawabi a wurin jana'iza?
2. Ta yaya Luka 13:1-5 ya amsa wa wanda yake zargin kansa, da wanda yake zargin wani da maita?
3. Waɗanne alamu ne za su nuna wa iyaye cewa ɗansu yana fama da rashin abokinsa?
4. Wane ne Mefiboshet na wannan iyali, kuma a wace Lodebar yake zaune?

ADDU'A

A gode wa Allah saboda abokan ƙuruciya, a ambaci waɗanda suka rasu da sunayensu. A roƙi ta'aziyya domin iyayen da suka binne 'ya'yansu, da ɗaliban da ke zaune kusa da kujerar da babu kowa. A roƙi kariya a kan makarantu da hanyoyin ƙasar nan. A roƙi gafara saboda alkawaran da aka manta da su, da ƙarfin cika su tun da sauran lokaci, cikin sunan Yesu Almasihu. Amin.